Ranar da Na Goge Shafin Gwaggona

Shekarun baya, ina koyarwa a Kafanchan, na kamu da son rubutu a wani kundin sani na intanet. Har na kai ina duba aikin wasu, in ce wannan ya isa, wancan bai isa ba. Kaina ya kumbura a lokacin, ba zan yi musu ba.

Gwaggona ita ta kafa kamfanin sarrafa citta a hanyar Kagoro, mata da yawa na ci a ƙarƙashinta. Na ce ai ta cancanci shafi. Wautar da na yi, na faɗa mata tun ban gama ba. Kafin Lahadi duk zumuntar mata ta cocinmu sun ji Mama, kamar yadda muke kiranta, za ta shiga intanet.

Dokar wurin kuwa, sai waɗanda ba su da alaƙa da mutum sun yi rubutu a kansa kafin a ba shi shafi. Na haɗa madogara uku: ɗan littafin bikin godiya na coci, wata jarida, da wani shafin labarai. Da na jera su, sai na ga jimlolin iri ɗaya ne, har waƙafi. Shafin ya kwafi jaridar, jaridar ta kwafi littafin cocin. Littafin cocin kuma ni na rubuta shi da hannuna. Na sha goge shafukan mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Kwana biyu ina neman dabara, da na rasa, na goge nawa.

Na sami Mama tana juya citta a wajen shanya.

"Ticha, mun shiga?"

"Ba mu shiga ba, Mama." Na yi mata bayani ina kame-kame.

Ta karkaɗe hannu ta ce, "Gara haka. Wannan littafi naka, ka ce ni kaɗai na fara. Mu biyu ne, da ƙawata da ta rasu. Injin farko ma nata ne. Kullum in ga yaranta a coci, kunya tana kama ni."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka tambaye ni ne? Kana zuba Turanci a gaban Rabaran, in tashi in kunyata ka?"

Na zauna a kan buhu, ta ba ni labarin tun daga farko, wannan karon ina saurare.

Tun daga nan, in na ga labari ɗaya a wuri uku, sai na binciko wanda ya fara faɗa. Har yau Mama ba ta da shafi, kuma bai dame ta ba. Ni ma raina a kwance yake. A bikin godiya na gaba an kira sunan ƙawarta a gaban jama'a. Babbar 'yar marigayiyar ta taso daga bencin baya ta zauna kusa da Mama, ta riƙe hannunta har aka tashi sujada.