Delfina Maestas da Dokar Kawo Jaka

Haihuwa da asali

An haifi Delfina Maestas a watan Maris na shekarar 1936, a ƙauyen Valdecito da ke kwarin Mora, a arewacin jihar New Mexico ta ƙasar Amurka. Sunan mahaifinta Amadeo Maestas, makiyayi ne da ke shafe rabin shekara a kan duwatsu yana kiwon tumakin wani. Mahaifiyarta kuwa, Rumalda Trujillo, Allah Ya yi mata rasuwa wajen haihuwa a shekarar 1941, ita da jaririn duka. Daga nan riƙon yarinyar ya koma hannun kakarta ta wajen uba, Pablita, wadda ita ce mai maganin ƙauyen kuma ungozomarsa. Tsohuwa ce gajeriya mai faɗan tsiya, amma ba a taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa ta ƙi fitowa ba.

Karatun aji da karatun dawa

A shekarar 1943 aka sa Delfina a makarantar ƙauyen mai ɗaki ɗaya, inda ta yi karatu har ta kammala aji takwas a shekarar 1951. Ba ta wuce nan ba, domin makarantar gaba tana da nisa, kuma idon Pablita ya fara raunana. Ilimin da ya zame mata sana'a a bayan kakarta ta samo shi, suna hawa tsaunuka da damina ta ja baya, da kwando da 'yar magirbi. A nan ta san furen da ke kwantar da ciki, da ganyen da ake ɗaura wa miki, da ɓawon wani itacen bakin rafi da ake dafa wa masu ciwon gaɓoɓi. Sama da duka ta san osha, saiwar da mutanenmu ke ji da ita wajen tari da mura, wadda ke da wata 'yar uwa mai kama da ita ƙwarai, mai dafin da ke kisa. Pablita ba ta yarda jikarta ta tono osha ita kaɗai ba sai da ta shekara da shekaru tana shinshinawa tana bambancewa, kuma duk kuskure da ranƙwashi ake biyansa.

Tsohuwar ta koya mata duk abin da ta sani, ba ta rage komai ba. Abin da ba ta koya mata ba, domin ita ma ba ta da masaniya, shi ne abin da ke faruwa idan saiwa ta haɗu da ƙwayar likita a ciki ɗaya. A zamaninta likita mafi kusa yana can bayan tsauni, kuma ba a zuwa wurinsa sai abin ya gagara.

Aure da gadon ɗakin magani

A shekarar 1957 Delfina ta auri Filimon Gallegos, wanda ya dawo daga yaƙin Koriya ya kama aikin tuƙa motar 'yan makaranta. Mutum ne mai barkwanci da cika baki. Tun ranar biki yake kiranta “tsohuwata”, ita kuma tana ce masa “tsoho”, alhali ko furfura ɗaya babu a kansu. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1958 da 1969. Da Pablita ta rasu a shekarar 1963, ɗakin magani ya koma hannun Delfina, da kwalabensa da damman ganyen da ke rataye a rufi, da dogon bencin da masu jira ke zama a kai. Ba ta yanka wa kowa farashi. Mai ƙwai ya kawo ƙwai, mai itace ya sauke itace, marar komai ya yi godiya ya tafi.

Babu mai alfahari da ita kamar Filimon. A bakin coci, a shagon aski, ko'ina aka zauna sai ya daki ƙirji ya ce shi tun da ya tuɓe kakin soja likita bai sake ganin haƙoransa ba, domin asibitinsa na gida tana tuƙa masa kunun shuɗiyar masara. Mutane su yi dariya, shi kuma ya ƙara gishiri.

Zuwan asibiti kwarin

A shekarar 1974 aka buɗe ƙaramin asibiti a kwarin, kuma Delfina ba ta yi gaba da shi ba, hasali ma ita ta fara kai autarta rigakafi. Matsalar daga mu take. Mutanenmu akwai kara, kara har ta wuce misali. Mutum zai je wurin likita da safe, a tambaye shi ko yana shan wani abu a gida, ya rantse ko ruwan zafi ba ya sha, don kada likita ya ji an raina iliminsa. Da yamma kuma ga shi a bencin Delfina, ya ɓoye ƙwayoyin a aljihu, don kada ta ga kamar an gaji da maganin kakarta. Kowa yana ganin mutunci ya kiyaye. Haka aka yi shekara goma sha uku, likita yana aiki da rabin labari, Delfina tana aiki da ɗaya rabin.

Abin da ya faru a shekarar 1987

A ƙarshen 1986, wajen gwajin lafiyar da ake wajabta wa direbobi, aka gano bugun zuciyar Filimon ba daidai yake ba, aka ɗora shi a kan maganin da ke hana jini daskarewa. Bai gaya wa matarsa ba. Ya ajiye kwalbar a akwatin kayan gyaran mota, yana haɗiya a ɓoye kafin ya ɗauki yara. A wannan hunturun ne kuma gwiwoyinsa suka matsa masa, Delfina ta shiga dafa masa ɓawon itacen bakin rafi safe da yamma, da hannunta, da kulawarta, tana tsaye a kansa sai ya shanye.

A watan Afrilu, ranar gayyar yashe magudanar ruwan gonaki, Filimon yana riƙe da shebur a cikin maza sai ya durƙusa ya fara aman jini. Aka ɗauke shi a bayan akori-kura zuwa asibitin kwarin, daga can aka wuce da shi birni. Likita Ruth Weintraub, wadda ke kula da asibitin kwarin a lokacin, ita ce ta zaunar da Delfina ta tambaye ta abin da yake sha a gida. Delfina ta lissafa mata, ba ta ɓoye komai ba. Sai likitar ta nuna mata kwalbar da ba ta taɓa gani ba, ta bayyana mata cikin ladabi cewa ɓawon nan da ƙwayar nan kowanne yana tsinka jini, haɗuwarsu ce ta kusa tafiya da shi. Likitar ta ce ita ma ta tambaye shi tun farko, ya ce mata ba ya shan komai.

An yi masa ƙarin jini, Allah Ya sa da sauran kwana. Da ya farfaɗo ya ga matarsa zaune a gefen gado, sai ya nemi ya mayar da abin wasa, amma fuskarta ta hana shi.

Ta ce, “Tsoho, shekara talatin muna cin abinci a kwano ɗaya. Me na yi maka da za ka sa in kashe ka da hannuna?”

Ya ce, “Ba na son a ce mijin Delfina ma ya koma wurin likita. Da wane ido za su kalle ki?”

Ta kula da shi har ya miƙe, amma wannan amsa ta daɗe tana cin ranta. Ta yafe masa, sai dai ta kasa gane yadda mai hankali zai yi haka.

Rufe ɗaki

Tana dawowa gida ta sa kwaɗo a ɗakin magani, ta ce gadon Pablita ya ƙare a kanta. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, domin ta zauna ta tuna duk wanda ta taɓa bai wa magani ya rasu, ba ta san me ke aljihunsa ba. Sai dai rufe ɗakin bai hana kowa shan saiwa ba. Mutane suka koma tonowa da kansu. A kakar 1988 aminiyarta Tomasita ta hau tsauni neman osha, ta dawo da mai dafin, kuma da ba ɗanɗanawa kawai ta yi ba da sai dai labari.

Bayan wannan ne Likita Weintraub ta zo gidan da ƙafarta. Ta gaya wa Delfina cewa ita ba ta iya bambance saiwoyin nan ba, kuma ko ta hana, ba mai jin ta. Ta ce abin da ake buƙata shi ne mutum ɗaya a kwarin da ya san ɓangarorin biyu. Delfina ta ce kanta ya tsufa da karatu. Filimon, da ke laɓe a bakin ƙofa, ya ce kan da ya iya riƙe laifinsa na shekarar 1960 bai tsufa da komai ba.

Komawa karatu da kafa doka

A shekarar 1989, tana da shekara hamsin da uku, Delfina ta shiga darasin sanin magunguna a wata kwaleji da ke garin gaba, a cikin sa'o'in 'ya'yanta. Ta sha wuya, ba a magana. Sunayen ƙwayoyi suka riƙa karya mata harshe, ta faɗi jarrabawar farko ta dawo tana kuka a mota, Filimon yana tuƙi yana lallashi. Ta sake zama ta ci. Kowace Alhamis kuma tana asibitin kwarin kusa da likitar, tana koyon wace ƙwaya ce ba ta jituwa da wane ganye, da alamomin da ba a jinkiri da su. Da damina ta ja baya ita ma ta kai likitar tsauni, ta sa ta shinshina saiwa har hancinta ya gane.

A shekarar 1991 ta cire kwaɗon, da sharaɗi ɗaya: duk mai son ganye ko saiwa sai ya zuba dukkan magungunansa na asibiti a jaka ya kawo ya juye a kan tebur, kuma abin da ta ba shi sai likita ya sani. Mai ciwon ƙirji, da mai ƙullutu a jiki, da yaron da zazzaɓi ya ƙi sauka, ba ta ko buɗe musu kwalba, sai ta ce a tayar da mota.

Kada a ɗauka an yi mata tafi. An ce ta sayar da kakarta, an ce ta zama 'yar koren likita. Wasu suka ƙaurace wa bencin har abada. Ita kanta Tomasita, da aka ceto da ƙyar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Yau kuma kwastan muka samu a ƙauye? Har da binciken jaka?” Delfina ta ce mata eh, kuma ba a cin hanci. Tomasita ta yi wata guda tana fushi, sannan ta dawo da jakarta tana gunaguni. Sannu a hankali abin ya zama jiki, har yara suna tuna wa kakanninsu jaka idan za su fita.

Filimon ya rayu shekara goma sha shida bayan ciwon nan, ya ga auren 'ya'yansa duka, ya rasu a shekarar 2003.

Tsufa

A shekarar 2010 Delfina ta miƙa ɗakin ga autarta Ofelia, wadda ta yi karatun jinya kuma ta bi ta tsauni tun tana ƙarama. A hunturun 2017 gwiwoyin tsohuwar suka hana ta sakat. Wata safiya ta dogara sanda ta shigo, bencin cike da mutane, ta wuce su ta ce wa Ofelia ta ɗebo mata ɓawon bakin rafi.

Ofelia ta ce, “Mama, ina jakarki?”

Delfina ta ce, “Ke, ni kike tambaya jaka? Wa ya kafa dokar?”

Ofelia ta ce, “Ke ce, Mama. Shi ya sa.”

Delfina ta juya ta fita ba sallama, ta kwana biyu ba ta yi wa 'yarta magana ba. Ranar da ta dawo, ba ta wuce kowa ba. Ta zauna a ƙarshen benci da jakar takarda a cinyarta, ta jira har layi ya zo kanta. Da Ofelia ta juye jakar sai ga kwalbar maganin hana daskarewar jini, irin ta Filimon sak. An ɗora Delfina a kan maganin tun lokacin kaka, ba ta gaya wa kowa a gidan ba.

Tsohuwar ta dubi kwalbar ta ce, “Kunya na ji, kada a ce Delfina ma ta koma wurin likita. Shekara talatin ina tambayar kaina me ya shiga kan ubanki. Ashe wannan ne.”

Ba a ba ta ɓawon ba. Ofelia ta kira asibiti, aka daidaita a kan man shafawa da gashin ruwan ɗumi.

Rasuwa

Delfina Maestas ta rasu a gidanta da ke Valdecito a watan Nuwamba na shekarar 2022, tana da shekara tamanin da shida, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi mata addu'a a cocin ƙauyen, aka binne ta a maƙabartar da ke bayansa, kusa da Filimon kamar yadda ta yi wasiyya. Allah Ya ji ƙansu, Ya haɗa su cikin rahamarSa.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Amadeo, mai sunan mahaifinta, manomi a kwarin, Benigna, malamar makaranta mai ritaya, Leroy, makanike a Colorado, da Ofelia, wadda ke riƙe da ɗakin magani. Kwalbar nan da ta fito daga jakar Delfina tana nan a kan teburin, babu komai a cikinta, kuma duk wanda ya zo ya ce shi ba ya shan komai, Ofelia takan ɗauko ta ta gaya masa ko ta wa ce.