Gilashin da Baba Ya Lallaɓa

Jiya kofin gilashi ya tsage a hannuna, sai na tuna mahaifina. Lokacin yaƙin basasa shi ke ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Gilashin injinsa ya rine kamar zuma saboda hasken da yake sha, babu inda za a samo wani, ga sojoji masu karaya suna jira.

"Hasken nan yana cinsa ta ciki," ya ce mini. "Ƙaramar tsaga ta ishe shi. Sai lallaɓawa kamar jariri."

Bai fashe ba har aka gama yaƙin. Ranar Baba ya shigo unguwarmu Zaitawa da tsire mai zafi, yana ƙyalƙyala dariya, wai gilashin ya cancanci lambar yabo.

Allah ya jiƙansa da rahama.