Shekarar Da Muka Yaɓe Jirgi

Wata Laraba ce cikin watan Sha'aban, shekarar da soja suka canja kuɗi, aka buga gangar gayya da hantsi a bakin kogin garinmu, can wajen Shanono, alhali ko ɗigon ruwa babu a cikinsa. Yashi ne fari fat har ƙetare. Ina aji huɗu a lokacin, ina riƙe da sandar kakana Mai-fito, don idonsa ya riga ya tafi, ni ne idon. Mazan gari kaf suka fito, suka ɗaura wa Dattijo igiya, ana kiɗa ana ja, har aka kai shi inuwar tsamiya. Dattijo jirgin fitonmu ne, na katakon maɗaci, kuma an sa masa sunan ne don ya girmi kowa a garin, har Kakan ma. Shi ke ƙetarar da mutane kasuwa duk damina, da buhunansu da akuyoyinsu, kuma da shi gidanmu ke ci. Daminu biyu ke nan ruwa bai kai a sa shi ba. Rana ta tsattsage shi, gara ta ci gindinsa, mu kuma mun mai da shi wurin ɓuya in an tashi makaranta, mu yi langa a yashi mu faɗa cikinsa mu huta, awaki na taya mu.

Ba don son katako aka taru ba. Rumbunmu ya kwana biyu da ganin ƙasa, samari sun watse Kurmi ɗaya bayan ɗaya, kuma babana ya riga ya ɗaure kayansa. Kaka ne ya riƙe shi, ya ce ɗan mai fito ba ya barin gorar tuƙi. Sai Baba ya faɗa a gaban mutane: "In Dattijo ya hau ruwa bana, na zauna. In bai hau ba, a yafe ni." Garin ba ya son rasa shi, don shi kaɗai ya rage da ya iya tuƙi. Shi ya sa kowa ya kawo abin da yake da shi. Maƙeri ya narka tsofaffin fartanyu ya yi ƙusoshi, masassaƙi ya bar turame ya zo da gizago, Liman ya ba da ƙyauren zaurensa aka yi faci. Mata na aiko da kunun kanwa tsararo, wanda in ka leƙa ƙwarya sai ka ga fuskarka, a sha a ce Allah ya yi albarka. Malaminmu ma yakan sake mu da wuri mu je kankare gara.

Sai aka zo kan toshe tsagu, nan muka nuna mu manoma ne. Kaka ya ce tsumma ake cusawa da bakin wuƙa, a bi da kwalta mai zafi, sannan a jiƙa jirgi ya kumbura. To, tsumma muna da shi, a jikinmu ma yake. Kwalta fa? An aika har Kano ba a samo ba. Ruwan jiƙo kuwa, rijiyar da sai ka jira guga ya tara rabi? Sai Malam Sule magini ya miƙe, mutumin kirki mai faɗin ƙirji, ya ce wane ne a nan soronsa ya taɓa yoyo bayan ya shafe shi da makuba? Gaskiya kuwa babu. Ya ce to ruwan sama da na kogi ai duk ruwa ne. Haka aka sa mu yara tattaro ɓawon ɗorawa gida-gida, mata suka daka, aka jiƙa, aka kwaɓa da jar ƙasa, aka yaɓe Dattijo ciki da waje kamar ɗakin amarya. Ya yi kyau kuwa, wallahi. Har zane Malam Sule ya yi masa a goshi.

Baba ya ja ni gefe ya ce kada in tayar wa tsoho hankali, in ya tambaya in ce kwalta ce. Ya kuwa tambaya. Muna zaune a gindin tsamiyar ya ce, "Kai abokina, me suke shafawa?" Na ce kwalta. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya daɗe, sannan ya ce, "Kwaltar bana warin ɗorawa take yi. Komai ya canja, har kuɗi." Ya murɗe mini kunne a hankali. Na daɗe ina zaton na yaudare shi. Sai da na girma na gane cewa muddin ana yaɓen nan, ɗansa yana gida, shi ya sa ya bar su.

Ruwa ya yi ta yi mana rowa har tsakiyar damina, gero ya tsaya iya gwiwa yana murɗewa. Sau ɗaya tak kogin ya kawo, jajawur, daga ruwan da aka yi a wani gari ba namu ba. Aka ruga da guɗa aka tura Dattijo. Baba ya hau da gora, aka ɗora Kaka a tsakiya, ni a gefensa. Mun yi tafiya kamar tsawon igiyar rijiya biyu, ina jin ni ne sarkin duniya, sai na ga ƙasan jirgin ya fara zama kunu. Yaɓen ya saki faifai-faifai, ruwa ya shigo ta ko'ina. Kaka ya taɓa da tafin ƙafarsa, ya ce wa Baba a hankali, "Juya, Audu." Ba mu kai gaɓa ba jirgin ya zauna a yashi, ruwa iya ƙugu. Baba ya goya ubansa ya fito da shi, ni aka cafe ni ta wuyan riga. Ba wanda ya yi dariya, ko mu yara. Malam Sule na tsaye da jar laka har gwiwar hannu yana ta tarar yaɓensa.

Kwana uku kogin ya janye, bai sake kawowa ba a shekarar. Jakuna suka riƙa wucewa ta gefen Dattijo da kayan kasuwa. Kafin a yanke ɗan abin da ya samu a gona, Baba ya hau motar Kurmi. Kaka da kansa ya sa na ja shi har bakin titi, ya ce masa, "Ka cika alkawari, je ka." Kaka bai rayu ya ga dawowarsa ba, mu ma sai sallah zuwa sallah, daga baya sai saƙo.

Ni ma hanyar na bi, tuƙin babbar mota ya kai ni Yawuri, Lakwaja, Baga, har Kwatano. Duk inda na shiga jirgin ruwa sai na shafa tsagun na sansana yatsana, masu jirgi su riƙa kallona kamar mai taɓin hankali. Yanzu an yi gada a mashigin, yara na wucewa a babur ba su san an taɓa fito a wurin ba. Katakon Dattijo ya daɗe da shiga murhu, sai ƙyauren Liman da magadansa suka ɓamɓare suka mayar zaure. In na je gida nakan tsaya in dafa shi. Duk garin nan ya taru don ya riƙe mutum ɗaya, da abin da ya iya, kuma bai isa ba.