Shekarar da kayana suka yi fumfuna

Kayana sun ruɓe a wani sito a Guangzhou ta ƙasar Sin, shi ya sa ban koma gida ba.

Aikina ɗaurin kaya ne. 'Yan kasuwa su sayo tufafi a kasuwar Guangyuan, mu mu danne su da inji, mu naɗe da buhu, mu loda a kwantena. Ban yi boko ba. Ƙarfina nake sayarwa.

Abin da na tara a shekarun nan na zuba shi a kayan yara, riguna da wandunan Sallah, dila shida. Niyyata in bi su Kano, in kama rumfa, bayana ya huta. Wani Alhaji ɗan unguwarmu da nake yi wa ɗauri ya yarda in saka nawa a kwantenarsa.

Sai annoba ta zo, kuɗin jirgin ruwa ya tashi. Ba irin tashin da muka saba ba. Farashin da aka faɗa maka da safe, kafin la'asar ya zama labari.

Wanda yake kama mana wuri a jirgi yana da ofis a ginin Tianxiu. Mutumin zangon Kumasi ne, ya taɓa zama a Suwidin yana wanke kwanuka, kuma ba ya gajiya da ba da labarin can. Ya nuna mana wayarsa, wani layi mai nuna farashi ya miƙe tsaye kamar sanda. Ya ce da Ingilishi cewa ake farashi ya tashi kamar roka, 'yan Suwidin kuma su ce ya harba sama, ko ya ruga a guje. Na ce mu dai "ya tashi" muke cewa, kuma yana isar mu.

"Alhaji, loda yau," in ji shi. "Gobe za ka yi kewar farashin nan."

"Kai ɗan Gana, kwano ka sani, ba kasuwa ba," in ji Alhaji. "Zai sauko ya same ni a zaune."

Ni ba a tambaye ni ba, kwantenar ba tawa ba ce. Kuma da an tambaye ni, bayan Alhaji zan bi. A gida ajiya ba ta kashe kaya. Atamfa sai ta shekara a sito, ka ɗauko ka sayar. Aka kama wani sito mai araha a bayan gari, a ƙasan bene, muka jibge komai aka kulle.

Akwai lokacin da bango yake gumi a garin nan saboda damshi. Mun san shi a ɗakunanmu, mukan goge daɓe mu yi tsaki. Amma kayanmu ba su taɓa daɗewa a ƙasa har su gamu da shi ba.

Farashi bai sauko ba. Wata ya bi wata, Sallah ta wuce. Wata Juma'a da muka fito daga Masallacin Huaisheng, Alhaji ya ce ya haƙura, a loda ko nawa ne.

Wari ne ya tare mu a ƙofar siton. Na sa wuƙa na farke dila ta farko. Rigunan sun manne da juna, baƙi da kore, ka ja hannun riga ya biyo ka. Danniyar da na yi musu da kaina ita ta riƙe damshin a ciki. Na farke sauran biyar ɗin. Na tambayi Basinen mai siton ko akwai abin da za a iya yi. Ya toshe hanci ya ce, "Meyo." Wato babu.

Alhaji ya yi salati, ya dafa ni ya ce, "Ɗan'uwa, haƙuri." Yawancin nasa takalman roba ne, aka wanke aka loda. Ya tafi.

Daga baya farashin ya sauko a hankali, ba ni da abin lodawa.

Ina nan unguwar Xiaobei, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Da safe ina zuwa Guangyuan in ɗaure kayan mutane.