Tiyar Bara da Tiyar Bana

Malam Hamza ɗan Kande mai awon gero ne, a bakin kasuwar Bodinga. A gindin tabarmar uwarsa ya tashi, yana kallo tana korar duk wanda ya zo mata da tiya mai lotsattsen gindi. Shekara goma sha tara yana koyarwa kafin a ba shi hedimasta a wani ƙauye gaba da Shagari. Kullum da sassafe yakan hau tsohon babur ɗinsa mai tari kamar akuyar da ta haɗiyi leda. Ba shi da fara'a, bai iya gaishe da manya yadda suke so ba. Amma yaran da ya koyar suna karanta wa iyayensu takardar asibiti.

Bara yara goma sha ɗaya suka zauna jarrabawar aji shida a makarantarsa, takwas suka ci. Biyu daga ciki tagwayen wani malamin asibiti ne da suka taho da karatunsu tun daga Sakkwato, kuma uban ya kwashe su da aka canja masa wurin aiki. Bana Hamza ya bi gida gida, ya sha zagin iyaye, ya tattaro yara ashirin da shida. Jarrabawar ta faɗo tsakiyar dashen albasa, wasu da laka a ƙafa suka shiga aji. Goma sha biyu suka ci.

Sai ga Alhaji Yahaya mai duba makarantu, da hularsa a karkace da takarda a hammata, ya zo yanke hukunci ko Hamza zai ci gaba da riƙe makarantar. Ko zama bai yi ba.

"Malam, makarantarka ta faɗi. Bara saba'in da ukku cikin ɗari, bana arba'in da shida."

"Ranka shi daɗe, sha biyu ta fi takwas."

"Ba lissafin 'yan kasuwa na zo yi ba."

"Da ka yi shi, da ka amfana. Ka ga takardar jarrabawar bara? Shafi biyu. Ta bana shafi huɗu, kuma wasu mutane daban sunka rubuta ta. Yaran ma ba su ne ba. Mi kaka aunawa da mi?"

"Takarda ba ta ƙarya."

"Uwata ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ka auna mata gero da tiya guda bara, bana ka zo da wata, ka ce gona ta gaza, da muciya za ta raka ka."

Yahaya ya murtuke. Ya matso, ya rage murya, wai shi mai taimako.

"Kai ma da taurin kai. Wa ya aike ka kwaso dakikkai? Ka ban alkawari baɗi ka zaɓi masu ƙoƙari, sauran su tafi gona ranar. Sai in gyara rahoto."

"Ɗiyan mutane ne, ba ruɓaɓɓar albasa ba da za a ware kafin ɗinkin buhu."

Mako uku bayan nan takarda ta iso. An sauke Hamza, an mai da shi malamin aji uku a makarantar da ya riƙe. Ya ninke takardar, ya toshe ramin taga da ita.

Sabon hedimasta, wani Malam Nura mai santsin baki, ya ji shawarar Yahaya tun kafin a gama faɗa. Da jarrabawa ta zagayo, yara bakwai ya shigar, shida suka ci. Yahaya ya zo har da mai hoto, aka yi tafi, aka ce makaranta ta farfaɗo.

A ranar Hamza yana cikin aji uku da yara sittin. Ta taga yana hango 'yan aji shida goma sha takwas a fadama, sun duƙa suna dasa albasa. Da aka aiko a kira shi ya shiga hoto, ya ce a gaya wa Alhaji yana aiki.