Takalman Baba a Bakin Kogi

A damina ta biyu bayan an yanke mana jiha daga Kano na ɗauko Baba daga ƙauyenmu da ke bayan Gwaram, na kawo shi Birnin Kudu a duba masa ido. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, har ta kai a gona ba ya bambance gero da ciyawa sai ya shafa. Lokacin ina koyarwa a firamare, kuma ni ne babba a cikin 'ya'yansa maza.

Niyyarmu mu sauka a gidan wani ɗan uwan Inna, ma'aikacin gwamnati. Da muka isa sai muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcinsa ya ce an mai da shi Dutse, ya kwashe iyalinsa tun watan jiya. A asibiti kuma aka ce likitan ido sai gobe da safe. Komawa gida ba ta yiwuwa, don motar da ta kawo mu ma da ƙyar ta fita daga taɓo. Wani mai shayi ne ya kwatanta mana wani ƙaramin otal a ƙasan gari, kusa da gada.

Ban taɓa kwana a otal ba. Baba kuwa sunan kawai yake ji, kuma ba da alheri ba, don haka na ce masa masaukin baƙi ne. Ɗakuna ne a jere suna kallon tsakar gida mai gansakuka. Namu gado ɗaya ne na ƙarfe, katifar ta lotsa a tsakiya, fanka tana juyi tana ƙara kamar za ta faɗo mana. Daga wani ɗaki ana jiyo rediyo da dariyar mata. Baba ya shafa gadon, sannan ya ce in shimfiɗa masa buzunsa a ƙasa.

Bayan azahar na ce zan koma asibiti in yanki kati, don gobe mu samu gaban layi. Na roƙe shi kada ya motsa. Har na sa makulli a ƙofa zan kulle shi ta waje, sai kunya ta kama ni, na ga ba zan iya kulle mahaifina kamar akuya ba. Na jawo ƙofar kawai na tafi.

Layin kati ya yi tsawo, ruwa kuma ya tsare ni a hanya. Sai bayan la'asar na dawo. Na tarar da ƙofa a buɗe. Buzu yana nan, jakarmu tana nan, amma babu Baba, babu sandarsa, babu buta.

Na leƙa banɗaki, na buga ƙofofin mutane. Mai kula da ɗakunan yana zaune a zaure yana gyaran fitila. Na tambaye shi tsohon da muka zo tare.

"Ai ya fita," in ji shi. "Ruwan alwala ya nema, na ce famfo ya ɗauke tun safe. Ya ce to wannan ƙugin da yake ji fa? Na ce kogi ne."

"Ka bar shi ya tafi kogi? Ba ya gani."

Ya ajiye fitilar. "Wallahi Malam, ban sani ba. Idonsa a buɗe yake."

Ban san lokacin da na fita ba. Wata siririyar hanya ce ta gangara daga bayan otal ɗin, duk santsi. A cikin taɓon ina ganin ramukan da sandarsa ta bari, ɗaya bayan ɗaya, suna yin ƙasa. Kogin ya cika ya yi ja, yana jan karan dawa da rassan itace. Ramukan suka ƙare a kan wani faffaɗan dutse. A kan dutsen ga takalmansa, a jere, kamar yadda yake ajiye su a ƙofar masallaci. Gaban dutsen gaɓar ta zaftare, sabuwar ƙasa tana zuba cikin ruwa.

Na kira shi. Na shiga ruwan har gwiwa, ni da ban iya iyo ba, ina dube-dube ban san abin da nake nema ba. Ruwan yana fizgar ƙafafuna. Abin da ke raina kawai shi ne yadda zan shiga gida in tsaya a gaban Inna da takalma a hannu.

"Malam, fito daga nan," wata murya ta ce daga sama. "Tsohon naka ne?"

Wata dattijuwa ce a kan tudu, hannunta riƙe da ludayi. Bayanta rumfar kwano ce da bencina, inda direbobin manyan motoci ke cin abinci. Na hau da rarrafe. Baba yana zaune a ƙarshen benci ba takalmi, wandonsa jiƙe har cinya, an yafa masa wani tsohon bargo. Kwano yana gabansa.

"Kai ne?" ya ce da ya ji numfashina. "Ka daɗe. Butar nan ta tafi."

Hajiya mai abincin ce ta ba ni labari. Tana wanke kifi ta hango shi ya cire takalma yana laluben ruwa da sanda. Sandar ba ta taɓa ƙasa ba, shi kuma ya ƙara taku, gaɓar ta tafi da shi. Ita ta cafko wuyan rigarsa, wani direba ya riƙe ta, suka jawo shi tare. Ta nuna mini gwiwar hannunta inda dutse ya goge ta.

Na so in yi wa Baba faɗa, na kasa. Ta zaunar da ni, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, da farfesun tarwaɗa mai zafi. Na Baba kuwa da hannunta ta zare masa ƙaya. Na yanki loma, na tsaya ina kallon Baba.

"Ci, ɗana," ta ce. "Ga shi nan a gabanka, yana ci."

Na ci abin da ya samu, hannuna na hagu riƙe da gefen bargon Baba. Direban nan ne ya gangara ya ɗauko takalman, don ni ban yarda in koma wajen ba.

Kwana biyar muka yi a garin. An yi masa aiki a idon dama, kuma kullum a rumfar Hajiya muke cin abinci, ni ina zama na ba ruwa baya. Ranar da aka cire masa bandeji ya ce in kai shi ya ga matar. Ya yi mata addu'a mai tsawo, sannan ya juya wajen kogin. A lokacin ruwan ya ja baya sosai, amma ya daɗe yana kallo, na ga yatsunsa sun damƙe bakin benci.

A mota ya ce kada in gaya wa Inna. Ban gaya mata ba sai bayan rasuwarsa, da shekaru. Ta saurare ni har na gama, ta tashi ta shiga ɗaki, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.