Ranar da anka mai da Baba gindin dutse

Shekarun baya ne, lokacin yaƙin nasara, wato Turawa, ban jima da komowa daga soja ba. Faransancina duk na zagi ne, amma a ƙauyenmu, can cikin duwatsun Keita, ni ne gwani. Don haka da gardi, ɗan sandan nasara, ya kawo wani nasara mai nazarin tsafin mutanen da, ni anka tura tafinta.

Mahaifina shi ne mai yi wa dutsen gari yanka kafin damina, kamar kakanninsa. Amma ya tuba, ya kama salla, da ƙyar mutanen masallaci sunka yarda da shi. Yanzu nasara ya ce ya zo ya gwada mashi yadda ake yi. Gardi ya ƙara da cewa in ya ƙi, sai gaban kumandan, nasara mai mulkin ƙasar.

Na ce, “Baba, gwadi ne kawai.”

Ya ce, “Kai, dutse ya san gwadi? Liman ya san gwadi?”

Nasaran ba mugu ba ne. Ya fiddo hoton wani dutse na mutanen Rum, an sassaƙa mutum a jikinsa, ya lulluɓe kai yana zuba wani abu a wuta, ga sa, ga mai busa. Baba ya daɗe yana dubi.

“Tambaye shi, wa ke yi wa wanga yanka yanzu?”

“Ba kowa. Jikokinsu sun sake addini. Dutsen yana cikin ɗaki ana kallo.”

Baba ya ce, “Ashe ba ni ɗai ba ne.” Ya miƙe.

Ya tsuguna gindin dutsen da ƙwarya ba komai ciki, ya gwada inda ake zuba fura, inda ake kwantar da baƙin bunsuru. Kirarin ne ya ƙi yi. Nasara ya zana, ya yi godiya, ya hau doki ya wuce.

Da azahar anka ja sahu, sai mutane sunka janye daga Baba, dama da hagu. Ni lokacin ba salla nake ba, alwalata ma soja ta lalata. Na yi ta haka nan, na shiga na manna kafaɗata da tasa. Liman ya waiwayo ya dube mu, ya ce, “To, ɗaya gefen fa? Ku cika sahu.” Wani tsoho ya matso.

Yau na kai shekarun Baba na lokacin, gwiwoyina sun gaji. Amma in na ga an bar wa mutum fili a sahu, ban tambayar abin da ya yi. Nan nake tsayawa.